Yadda za ka karanta jinkirin sigina a hoton fMRI kada jini ya yaudare ka

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a milisakan suke aiki. Haske ya faɗa ido, kafin kashi ɗaya cikin goma na sakan ya cika saƙon ya riga ya isa ƙeya, inda ake sarrafa gani. Na'urar fMRI, mai ɗaukar hoton aikin ƙwaƙwalwa da maganaɗisu, ba ta jin wannan saƙo ko kaɗan. Jini take gani. Idan wani yanki ya tashi aiki, ƙananan jijiyoyin jini da ke ciyar da shi sai su buɗe, jini mai oksijin ya kwararo fiye da yadda yankin ke buƙata, jinin da ya rasa oksijin ya ragu. Shi wannan jini maras oksijin yana ɗan hargitsa maganaɗisu, abin da Pauling da Coryell suka gano tun 1936, don haka raguwarsa na sa sigina ta tashi. A kan wannan ne Seiji Ogawa ya gina hanyar da ake kira BOLD, wato sigina mai bin yawan oksijin a jini, a 1990, kuma a 1992 aka fitar da sakamakon farko a kan mutane.

Amsar jinin nan ba ta gaggawa. Takan fara motsi sakan 1 zuwa 2 bayan aikin ƙwayoyin, ta kai ƙololuwa wajen sakan 4 zuwa 6, ta sauko, ta ɗan nutse ƙasa da inda ta taso, kuma ba ta gama komawa daidai sai bayan sakan 20 zuwa 30. To idan ka ga yanki ɗaya ya riga wani da sakan guda, tambayar ita ce: wa ya makara? Ƙwayoyin, ko jinin, ko na'urar, ko lissafinka? Ra'ayina shi ne ƙwayoyin su ne na ƙarshe da ya kamata ka zarga. Na rubuta wannan ne domin ɗalibanmu na zango da ke Tech, wato jami'ar KNUST ta Kumasi, waɗanda ke sauke bayanai kyauta daga rumbun intanet na OpenNeuro suna koyon nazari a kan kwamfutarsu, da kuma ma'aikatan sashen hoto da wata rana za a miƙa wa taswirar jinkiri a ce su yi bayani.

Fara da agogo

Kafin ka buɗe kowace manhajar lissafi, tabbatar agogon na'ura da agogon gwaji sun tashi tare. Na'urar na aiko da alama duk lokacin da ta fara ɗaukar hoton kai guda, kwamfutar da ke nuna wa mutum hotuna kuma, a ce da manhajar PsychoPy take aiki, tana jiran alamar farko kafin ta soma ƙirga. Matsalar tana zuwa daga hotunan farko. Maganaɗisun jiki bai daidaita ba a sakannin farko, saboda haka ana zubar da hotuna kaɗan. Wata na'urar da kanta take zubarwa, ba ta ma aika alama a kansu. Wata kuma tana ajiye su, sai mai nazari ya cire da hannu.

Ga lissafin. A ce tazarar da ke tsakanin hoto da hoto, wato TR, sakan 2 ce, ka cire hotuna 4, ka manta ka rage sakan 8 daga lokutan da aka rubuta na gwajin. Idan gwajin naka sakan 16 na aiki ne, sakan 16 na hutu, kuskuren sakan 8 rubu'in zagaye ne cif, kuma a nan dangantakar sigina da abin da kake tsammani kusan sifili take komawa: taswira za ta fito fayau kamar mutumin bai yi komai ba. Idan kuskuren ya kai sakan 16, taswirar za ta juye, inda ya kamata ya tashi ya bayyana a matsayin sauka. 

Gwajinsa ba wuya. Zaɓi wurin da ba a jayayya a kansa: ƙeya idan an nuna hoto, ko yankin motsin hannu a ɓarin da ke kishiyar hannun da ya danna maɓalli. Ciro siginar wurin, ka yanka ta daga farkon kowane gwaji, ka haɗa matsakaici, ka zana. Idan abin da aka nuna gajere ne, ƙololuwa ta faɗa kusa da sakan 5. In ta faɗa a sakan 13, ko ta riga abin da aka nuna, tsaya nan, kada ka wuce. Jinkirin allo kuwa, wanda a allon da ke sabunta hoto sau 60 a sakan bai wuce milisakan goma sha wani abu ba a kowane sabuntawa, bar shi sai ka gama da manyan.

Yanka-yanka ba lokaci guda ake ɗaukarsu ba

Abin da muke kira hoton kai guda tarin yanka ne, kuma a hanyar da aka saba ɗaya bayan ɗaya ake ɗaukarsu cikin TR. Ɗauki yanka 36 a cikin sakan 2: kowane yana cin kimanin milisakan 56. Sau da yawa ba a jere ake bi ba, tsallake ake yi. A na'urorin Siemens, idan adadin yankan cika ne kamar 36, tsarin tsallake daga na 2 yake farawa, 2, 4, 6 har 36, sannan a dawo 1, 3, 5. Idan adadin mara ne, daga na 1 ake farawa. Ke nan yanka na 10 an ɗauke shi a kusan milisakan 220, maƙwabcinsa na 11 kuma sai a kusan 1,280. Tsakaninsu milimita uku ne ko makamancin haka, amma a lokaci sun fi sakan guda.

Lura da alkiblar kuskuren, domin tana rikita mutane: yankan da aka ɗauka a makare shi ne zai yi kamar ya riga amsawa, tunda lokacin da aka leƙa shi amsar jinin ta riga ta yi nisa. Alamarsa a taswirar jinkiri ratsi-ratsi ne, layi mai sauri, layi mai jinkiri, idan ka kalli kan daga gefe. Ƙwaƙwalwa ba ta aiki a ratsi.

Kada ka yi hasashen tsarin. Idan manhajar dcm2niix ce ta juya hotunan daga tsarin na'ura zuwa na nazari, buɗe fayil ɗin JSON da ke tare da su ka karanta layin SliceTiming. Bayan gyara lokutan yankan kuma akwai tarko na biyu. Gyaran yana mayar da duk yankan zuwa lokaci guda da aka zaɓa, kuma manhajar share fage ta fMRIPrep, in ba ka canza ba, tsakiyar TR take zaɓa. Dole manhajar lissafinka ta san haka. A Nilearn sai ka sa slice_time_ref a 0.5, in ka bar shi a sifili, ka dasa wa duk ƙwaƙwalwar kuskuren sakan guda a TR na sakan 2. Sababbin hanyoyi masu ɗaukar yanka da yawa tare sun rage wannan ciwon kai. Masu babban binciken Human Connectome Project da TR na sakan 0.72 suka yi aiki. Amma ga mai neman bambancin ɗaruruwan milisakan, ko nan ma ba a yin sakaci.

Auna jinkirin da kayan da ya dace

Manhajoji irin su SPM da FSL suna zuwa da siffar amsar jini da aka saba, mai ƙololuwa wajen sakan 5. Idan amsar gaskiya ta kauce mata, ƙarfin da za a auna zai ragu, har yanki mai aiki ya ɓace. Mafi sauƙin magani shi ne ƙara ginshiƙi na biyu a lissafin, gangaren siffar (wato saurin hawa da saukarta), wanda a SPM yake ƙarƙashin time derivatives. Henson da abokan aikinsa sun nuna a 2002 cewa idan ka raba nauyin gangaren da nauyin siffar asali, za ka iya ƙiyasta saurin amsa ko jinkirinta. A SPM, sakamako mai alamar tarawa na nufin amsa ta riga, mai alamar ragewa na nufin ta makara. Sharuɗɗa biyu ne. Hanyar ba ta aiki sosai in kaucewar ta wuce kimanin sakan guda. Kuma inda nauyin siffar asali ya yi kusa da sifili, rabawar za ta haifar da lambobi manya-manya marasa ma'ana. Don haka rufe duk wurin da ba shi da amsa tabbatacciya kafin ka duba.

Idan kana zargin jinkirin ya fi haka, bar siffar da aka saba gaba ɗaya, ka yi amfani da hanyar FIR, ko TENT a manhajar AFNI, wadda ke auna sigina a kowane taki bayan gwaji ba tare da ta tilasta mata siffa ba. Tana buƙatar gwaji masu yawa, kuma tana son a ce farkon gwajin bai manne da farkon TR kullum ba. In ya manne, a sakan 0, 2, 4, 6 kawai za ka riƙa leƙa amsar, ƙololuwar da ke sakan 5 kuwa ba za ka taɓa ganinta ido da ido ba.

Da siffar ta fito, ware abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa: lokacin da ta fara tashi, lokacin da ta kai ƙololuwa, da faɗinta. Yankin da ya daɗe yana aiki, kamar lokacin da mutum ke tunanin amsar tambaya mai wuya, ƙololuwarsa za ta ja baya kuma ta yi faɗi, alhali farkon tashinsa bai motsa ba. Wannan daɗewa ce, kuma labarinta daban da makara. Sannan amsa mai ƙarfi tana tsallake kowane mizani da wuri fiye da mai rauni, ko da tare suka tashi. Haka kuma abu biyu da aka nuna kusa da juna, tazarar sakan ɗaya ko biyu, amsar na biyun takan fito ƙarama kuma a makare, domin jijiyoyin ba su gama dawowa ba.

Jijiyoyin jini, inda gizo ke saƙa

Duk wanda ya zauna Kumasi ya san idan aka saki ruwa daga Barekese, gidan da ke kusa da babban bututu shi ke fara jin famfo na tari, na ƙarshen layi kuma sai can an jima. Ba wanda zai ce mutanen ƙarshen layin ne suka makara jin ƙishi. Haka jini yake a kai. Kowane yanki da nisansa daga babbar jijiya, da faɗin ƙananan hanyoyinsa, da yadda suke buɗewa. Siginar da ake ɗauka da hanyar gradient echo, wadda ita ce ta yau da kullum, tana da ƙarfi sosai a jijiyoyin da ke kwashe jini daga ƙwaƙwalwa, kuma jinin na isa can ne bayan ya bar inda aka yi aikin. Sai ka ga ɗigo mai haske ƙwarai, mai jinkirin sakan ɗaya ko fiye, a bakin ƙwaƙwalwa ko cikin wani lungu. Ɗora shi a kan hoton tsarin kai. In ya bi layin jijiya, ko ya yi baƙi a matsakaicin hoton fMRI ɗin, magudana ce.

Binciken Aguirre a 1998 da na Handwerker a 2004 sun nuna siffar amsar jini tana bambanta tsakanin yanki da yanki, kuma tana bambanta sosai tsakanin mutum da mutum. Bambancin a ma'aunin sakan yake, abin da ƙwayoyi ke yi kuwa a ma'aunin milisakan goma-goma. Ƙaramin yana ɓuya cikin babban.

A nan ƙasar wannan magana ta fi nauyi. Kusan kashi 2 cikin 100 na jariran Ghana da sikila ake haifarsu, kuma a Kumasi ne aka fara gwajin jarirai tun 1995 ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Mai sikila jininsa na gudu a kai fiye da na kowa saboda ƙarancin jini, jijiyoyinsa sun riga sun buɗe, saura kaɗan ya rage musu na ƙarin buɗewa, wasu kuma manyan jijiyoyinsu sun tsuke. Ga hawan jini, wanda binciken SIREN da aka yi a asibitocin Ghana da Najeriya, har da Komfo Anokye da mutanen gari ke kira Gee, ya nuna shi ne kan gaba wajen haddasa shanyewar ɓarin jiki. Ga ciwon suga, ga tsufa. Duk waɗannan suna taɓa jijiyoyin jini. Idan ka kwatanta marasa lafiya da masu lafiya ka samu jinkiri, ba ka da hurumin cewa tunaninsu ne ya yi nauyi sai ka fara cire bayanin jijiya. Kusa da ƙari a ƙwaƙwalwa ma haka: yanki na iya aiki lafiya lau amma jijiyoyinsa ba sa amsawa, kuma likitan tiyata da ya ɗauki shirun a matsayin babu aiki zai iya yanka inda bai kamata ba.

Sai abin da mutum ya ci kafin ya shigo. Sinadarin kafeyin yana tsuke jijiyoyin kai, yana rage gudun jini, kuma an nuna yana sa amsar BOLD ta kai ƙololuwa da wuri. Takardun tambaya da ake kwafowa daga Turai kofi da shayi suke tambaya. A ƙasar Asante, inda kakanninmu suka yi ta zuwa fataucin goro, tambayar ba ta cika ba. Dattijo daga Aboabo ko Asawase zai ce maka bai sha kofi ba, kuma gaskiya ya faɗa, alhali ɓarin goro na cikin aljihun rigarsa. Tambaye shi yadda ake tambayar babba: "Baba, kun taɓa goro yau da safe? Wajen ƙarfe nawa?" Matashi kuma ka tambaye shi ataya da lemon ƙara kuzari. Rubuta lokacin. Hana wanda ya saba ba lallai ya gyara ba, domin rashin abin da jiki ya saba da shi na ƙara gudun jinin kai. Numfashi ma na da hannu: taruwar iskar kabon dayoksaid a jini tana buɗe jijiyoyi tana rage wa amsa sauri, mai haki saboda tsoron ramin na'ura kuma akasin haka yake samu.

To yaya za ka auna bututun, wato jijiyar jini, da kansa? Hanya ɗaya ita ce riƙe numfashi: mutum ya riƙe kamar sakan 15, ya saki, ya huta, a maimaita. Iskar da ta taru tana buɗe jijiyoyin kai baki ɗaya ba tare da an ba ƙwayoyin wani aiki na musamman ba, sai ka ga inda amsa ke isa da wuri da inda take makara. Ga mai sikila ko wanda ya taɓa samun shanyewar jiki, wannan shawara ce ta likitansa da kwamitin ɗa'a, kada ɗalibi ya yanke ta. Hanya ta biyu ba ta buƙatar komai daga mutum. A siginar da ake ɗauka mutum na kwance ba ya wani aiki akwai kaɗawa mai nawa, zagaye ɗaya a kowane sakan 10 zuwa 100, kuma wani ɓangarenta tare da jini yake yawo a jiki. Yunjie Tong da Blaise Frederick sun yi aiki mai yawa a kan haka, manhajar rapidtide daga wajensu ta fito. Ana ɗaukar matsakaicin siginar kai, a riƙa zame ta gaba da baya a kan siginar kowane ɗigo, a rubuta zamewar da ta fi dacewa. A kan mai lafiya za ka ga fatar ƙwaƙwalwa ta riga, farin ɓargon ciki ya biyo, babbar magudanar da ke tsakiyar kai ta zo ƙarshe. An yi amfani da irin wannan taswira a 2013 wajen gano yankin da jini bai isa sosai ba a masu sabuwar shanyewar jiki, ba tare da allurar rini ba.

Taswirar tana da nata ƙarya. Inda dacewar ta yi rauni, lambar jinkirin hayaniya ce, rufe ta. Inda lambar ta tsaya daidai iyakar da ka ba manhajar, ba a samu amsa ba ne. Kuma tunda akwai kaɗawar jini mai maimaita kanta kusan kowane sakan 10, manhaja na iya kama ƙololuwa ta gaba, sai ɗigo ɗaya ya nuna jinkirin sakan 10 a tsakiyar maƙwabta masu sifili. Motsin kai kuwa lokaci guda yake bugun ko'ina, don haka yana jan jinkiri zuwa sifili. Duba jadawalin motsi kafin ka yarda da komai. Idan ka ga ɓari guda na kai ya makara da sakanni, kai wa likitan hoto. Hoton jijiyoyi ne zai tabbatar, ba taswirarka ba.

Yaushe za ka iya cewa ƙwayoyin ne

Idan ka riƙe bututun a wuri ɗaya. Mutum ɗaya, zama ɗaya, yanki ɗaya, aiki iri biyu. Jijiyar ba ta canza ba tsakanin aikin farko da na biyu, don haka in farkon tashin ya matsa, akwai dalilin duban ƙwayoyin. Menon da abokan aikinsa sun nuna a 1998 cewa ta irin wannan dabara fMRI na iya bin bambancin lokaci da bai kai sakan ba nesa, ta hanyar jinkirta abin da ake nuna wa ɓari ɗaya na gani da gangan. Idan dole sai ka kwatanta yanki biyu, kada ka tambayi wa ya riga. Tambayi ko tazarar da ke tsakaninsu tana canzawa idan aikin ya canza, ko tana bin saurin danna maɓallin mutum daga gwaji zuwa gwaji.

Saboda wannan ne nake ɗari-ɗari da hanyar Granger a kan siginar BOLD kai tsaye, wadda ke cewa wanda ya riga shi ke tuƙa na baya. A gwajin kwaikwayo da Stephen Smith da abokansa suka wallafa a 2011, hanyoyin da suka dogara da jinkiri ba su taɓuka abin kirki ba. DCM, wata hanyar ƙiyasta tasirin yanki a kan yanki da Karl Friston ya gabatar a 2003, aƙalla tana ƙiyasta amsar jinin kowane yanki a cikin lissafinta, sai dai tana buƙatar ka zo da hasashe tsayayye tun farko. Idan kuma ainihin tambayarka ita ce wa ya fara a ma'aunin milisakan, EEG, mai auna lantarkin ƙwaƙwalwa daga fatar kai, ita ce kayan aikin, ga ta da araha nesa ba kusa ba.

Kafin ka rubuta, raba gwaje-gwajen gida biyu, na mara da na cika, ka auna jinkirin a kowane rabi daban. In rabi ɗaya ya ba ka milisakan 400, ɗayan ya ba ka akasin haka, babu abin rubutawa. In sun yarda da juna, kawo lambar tare da iyakar kuskurenta, ka faɗi TR, da tsarin yanka, da lokacin da aka mayar da su, da adadin hotunan da aka cire, da ko farkon tashi ka auna ko ƙololuwa. A jimlar sakamakon rubuta cewa amsar BOLD a yanki kaza ta makara da kaza a aiki na biyu idan aka kwatanta da na farko, sannan a sashen tattaunawa ka jera abin da ka yi don cire bayanin jijiya, da wanda bayananka ba su ba ka damar cirewa ba.